Wai wa ya kamata ya biya kuɗin dattin da ke cikin wayar wuta?

Duk unguwar da transfoma ta taɓa ƙonewa an san yadda abin ke tafiya. A yi kwana biyu cikin duhu, kafin ka ankara an kafa kwamiti, an samo dogon littafi, ana bi gida-gida, kowane gida dubu kaza, shago dubu kaza, mai walda da mai injin niƙa kuma a ce su ninka tunda wai su ne suka kashe ta. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya ta sha nanatawa cewa sayen transfoma da falwaya da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na jama'a ba, to amma mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ina zai iya zaman jiran doka, jarinsa na narkewa. Ni abin da ya fi tsaya min a rai a wannan karo-karon shi ne yadda ake rabon. Gwaggo mai ƙwan fitila uku da fanka ɗaya ta ba da dubu biyar, Alhajin da ke da esi huɗu da inbata mai cajin batir takwas shi ma dubu biyar, kowa ya watse ana cewa an yi adalci.

To wannan ma wanda ake gani ne da ido. Akwai wani karo-karon da muke yi kullum ba tare da an bi mu da littafi ba, yana cikin bil ɗin da muke biya da kuma kayanmu da ke mutuwa kafin lokacinsu, shi nake so mu ɗan tattauna.

Wutar da ke zuwa gidajenmu kai-komo take yi, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan lafiyayya ce tafiyar tata sumul take, ta hau a hankali ta sauka a hankali. Kayan da, irin su dutsen guga da hita da tsohon ƙwan nan mai zafi, haka suke shan ta yadda ta zo. Kayan zamani kuwa ba haka suke ba. Cajar waya, talabijin, kwamfuta, ƙwan LED, inbata idan tana caji, esi mai inbata, duk sai sun juya wutar zuwa irin ta batir kafin su yi amfani da ita, kuma wajen juyawar fizga suke yi, su jira sai wutar ta kai ƙololuwa sannan su wafce abin da suke so a ɗan ƙiftawa su saki. Wannan fizge-fizgen shi ke haifar da wasu ƙananan igiyoyi a kan ta asali, masu gudun 150 da 250 da 350 a daƙiƙa, wato ninki uku, ninki biyar, ninki bakwai. Su ne injiniyoyi ke kira hamonik, kuma su ne dattin da nake nufi. Matsalar ita ce ba sa tsayawa a gidan wanda ya haife su, komawa suke cikin layi, su bi waya har transfoma, su ɓata wutar da maƙwabci zai sha. Kamar kwatar unguwa ce dai, mutum ya zuba ruwan rini a ƙofar gidansa, na gangare ne zai kwana da wari.

Kuma ɓarnar ba ta wasa ba ce. A cikin naɗin wayar transfoma akwai wani nau'in zafi da ke ƙaruwa da ninkin ninki, wato amfiya ɗaya na hamonik na biyar yana jawo irin wannan zafin sau 25 a kan amfiya ɗaya na wutar asali. Shi ya sa za ka ga transfoma a lissafi ba a cika mata kaya ba amma jikinta ba ya taɓuwa, mai na tsiyaya ta gefe. Hamonik na uku kuwa nasa salon daban. A layi mai fes uku, idan an raba kaya daidai, wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, kusan hutawa take domin fes ukun suna kashe juna a cikinta. Amma na ukun nan ba sa kashe juna, haɗuwa suke su taru a nutural, har abin da ke bin ta zai iya fin na fes ɗin kansa, ya kai kusan ninki 1.7. Nutural ɗin da dama a wurinmu ita ce ake sa wa siririyar waya don a rage kuɗi. Ranar da ta tsinke kuwa, ranar ce za ka ji ihu a layi ana a kashe komai wuta ta yi yawa, wani gida ƙwai na fashewa, wani gida fanka ko motsi ba ta yi. Na biyar shi kuma moto yake wa illa, ƙoƙari yake ya juya shi baya alhali yana tafiya gaba, sai moton famfon burtsatse ya yi ta zafi har koyil ya ƙone a kai wa mai naɗi.

Kar wani ya ce na ɗora wa hamonik laifin duk transfomar da ta ƙone a ƙasar nan. Ina! Yawancinsu lodi ne ya yi musu yawa, ko an jibge rabin unguwa a fes ɗaya, ko an sace mai, ko an ɗaure fis da wayar da ta fi ƙarfinsa. Hamonik ƙari ne a kan waɗannan, sai dai ƙari ne da ke ƙaruwa kullum, don duk wanda ya samu kuɗi yau sola da inbata yake sawa, masana'antu kuma suna komawa injina masu na'urar sarrafa gudun moto saboda suna rage shan wuta.

Yanzu mu zo kan mai walda, bawan Allah. Shi kowa ke nuna wa yatsa saboda da ya ɗora sanda a kan ƙarfe fitilar unguwa za ta fara ƙyafta ido. Wannan ƙyaftawar matsala ce ta gaske amma yawancinta faɗuwar bolteji ce, daban take da abin da muke magana, duk da cewa walda ma tana da nata hamonik ɗin. Mai injin niƙa kuwa ma kusan zaluntarsa ake, domin moto na gargajiya ba ya haifar da hamonik na a zo a gani, nasa laifin jan wuta da yawa lokacin tashi ne, hasali ma shi ne ke cutuwa da dattin wasu. Masu zuba dattin da yawa ba a jin motsinsu. Kamfanin roba da leda mai injina goma kowanne da na'urar sarrafa gudu, masu narka ƙarfen bola da tanderun lantarki, banki mai katafaren UPS da ke riƙe masa wuta idan an ɗauke, turakun kamfanonin waya da ke cajin batir dare da rana, shagon cajin waya mai soket ɗari biyu. Yawancinsu babu wanda fitilarsa ke ƙyaftawa saboda su, don haka babu wanda ke zuwa musu da littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta ina muke biya? Mitar gida yunit take ƙirgawa, ba ruwanta da ko ka sha wutar a hankali ko ka fizge ta. Zafin da dattin ya jawo a waya da transfoma asara ce, kuma idan ana lissafin farashin wuta akwai kason asarar layi da ake amince wa kamfani ya saka a cikin farashi, ke nan an raba wa kowa da kowa. Transfomar da ya kamata ta shekara ashirin ko fiye ta mutu a rabin hanya, ko kamfani ya saya ya mayar cikin lissafinsa, ko unguwa ta yi karo-karo. Firjin Gwaggo ya ƙone ta ce ƙaddara ce. Tun da aka kawo tsarin Band a 2020 ana sayar mana da wuta ne da awa, Band A awa 20 zuwa sama, Band E awa 4, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga na Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage daga baya. Duk wannan lissafin na tsawon lokaci ne, babu layi ɗaya a bil ɗinka da ke cewa ga tsaftar wutar da aka ba ka, ko ga dattin da kai ka mayar.

Ra'ayina dai a taƙaice, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma fa faɗar hakan ya fi aikata shi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma idan aka yi garaje za a ƙare da wani sabon zaluncin da ya fi na yanzu.

Abu na farko, gano mai laifi ba kamar ƙirga yunit ba ne. Idan ka sa na'ura a bakin layin wata masana'anta ka ga wutar ta gurɓace, wannan bai nuna ita ta gurɓata ta ba, wataƙila daga sama ta zo mata a haka. An daɗe ana amfani da wata dabara ta duba inda hamonik ɗin ya fuskanta, ko daga kamfani zuwa mai shan wuta ko akasin haka, amma masana sun nuna dabarar na iya nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan hamonik ba ya taruwa kamar buhun hatsi a ce biyu da biyu huɗu, na wannan masana'anta zai iya kashe wani ɓangare na waccan, na kayan fes ɗaya da na fes uku sukan rage wa juna na biyar. To idan maƙwabcinka da dattinsa ke kashe naka ya rufe kamfani, lissafi ya tashi, laifin wa ke nan? Ga kuma wanda ya fi ba ni tausayi, mai masana'antar da aka ce masa ya sa kafasito don ya gyara yadda motocinsa ke jan wuta, ya kashe kuɗinsa ya sa, kafasiton nan suka yi daidai da layin ta yadda suke kumbura hamonik ɗin wani can daban, su yi ta fashewa, na'ura kuma ta nuna datti ya taru a ƙofarsa. Shi bai haifi komai ba amma shi ya ƙara wa abin murya. A ci shi tara ko a biya shi diyya?

Shi ya sa tsarin da ya fi kwanta min shi ne wanda ƙa'idar IEEE 519 ta Amurka ta bi, wadda aka fara fitarwa a 1981 aka sabunta a 1992 da 2014 da 2022. Raba nauyin ta yi gida biyu. Mai shan wuta shi ke da alhakin irin kurent ɗin da yake ja, a auna shi a daidai inda layinsa ya haɗu da na sauran mutane. Kamfani kuma shi ke da alhakin tsaftar boltejin da yake kawowa, kar gurɓacewarsa ta wuce kashi 8 cikin ɗari a ƙaramin layi irin na gidaje, kashi 5 a layuka irin na 11kV da 33kV. Kowane mai shan wuta ana ba shi kasonsa gwargwadon girmansa idan aka gwada da ƙarfin layin a wurin, wanda ya yi wa layin girma kashi 5 kawai aka yarje masa, wanda bai kai ya girgiza layin ba zai iya kaiwa kashi 20. Wato ba a tambayarka wa ya ɓata wutar unguwa, tambayar ita ce kai ka wuce kasonka ko ba ka wuce ba, wannan kuwa ana iya aunawa a nuna maka a takarda. Ingila ma da irin nata tsarin mai suna G5, inda tun kafin a jona babban kaya ake lissafa abin da zai zuba.

Sai dai a nan akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Kason nan da ƙarfin layi yake tafiya, layukanmu kuwa kowa ya san halinsu, dogaye ne sirara, transfoma ƙanana. Ke nan mai kamfanin roba a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai zai iya samun kansa a matsattsen kaso, ba don injinansa sun fi na takwaransa na Jamus datti ba, sai don layin da aka jona shi ba shi da ƙarfi. Idan za a yi gaskiya, a lissafa masa kasonsa da ƙarfin layin da ya kamata a ce an ba shi bisa yarjejeniya, giɓin da ke tsakani kuma na kamfanin wuta ne, shi ya ɗauka. In ba haka ba kamfani zai ci riba biyu, bai gyara layi ba kuma yana karɓar tara saboda layin bai gyaru ba.

Akwai inda aka gwada tarar kai tsaye. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an sa dokar cewa babban mai shan wuta da aka auna aka ga ya wuce iyaka, a ba shi wata uku ya sa matatar hamonik, in ya ƙi a ƙara masa kashi 15 cikin ɗari a kan kuɗin wutarsa. Masu masana'antu suka garzaya kotu suna cewa ƙa'idar ƙasa da aka dogara da ita ta masu 33kV zuwa sama ce, ba ta hau kan masu 11kV da 22kV ba, aka daɗe ana shari'a. Ni wata ukun nan ya burge ni, don an ba mutum damar gyara kafin a taɓa aljihunsa. Kashi 15 ɗin ne ban yarda da shi ba, kuɗin goro ne, wanda ya wuce iyaka da ɗan kaɗan da wanda ya ninka ta uku duk hukunci ɗaya. Tara ta bi girman laifi mana, kuma ta ɗan fi kuɗin sayen matata tsada a cikin shekara biyu ko uku, yadda duk ɗan kasuwa mai lissafi da kansa zai ga gara ya gyara.

Gidaje da ƙananan shaguna kuwa, don Allah kar ma a fara. Ƙasar da har yanzu wajen rabin masu shan wuta ba su da ko mitar yunit, ana kawo musu bil na ƙiyasi, ita ce za a ce an ƙara layin kuɗin hamonik? Ai ƙiyasi a kan ƙiyasi za a yi, kuma mun san wanda zai sha. Ban da haka ma wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayi ƙwan LED na ɗari biyar ta ina zai san irin fizgar da yake yi, shi dai ya ga haske. Ƙwai biyu za ka gani iri ɗaya a kwali, ɗaya an sa masa 'yan kayan da ke daidaita jan wuta, ɗayan an cire su don a rage 'yan kuɗi kaɗan a masana'anta. Wanda ya cire ɗin da wanda ya shigo da kwantena su suka ci ribar, don haka can ya kamata a tare. Turai haka ta yi, tun 2001 ƙa'idar 61000-3-2 ta zama dole a kan kayan da ke jan har amfiya 16, ba ka sayar da kwamfuta ko talabijin a can sai ta cika sharaɗin, duk da cewa su ma sun ɗaga wa yawancin ƙananan kaya na ƙasa da wat 75 ƙafa in ban da fitilu. Mu ma muna da hukumar SON da tsarinta na SONCAP na tantance kaya kafin su shigo. Inbata da caja manya da fitilu su ne wurin da za a matsa, musamman inbata, don ita ce yanzu ke shiga kowane gida, kuma da an kawo wuta duk inbatocin layin a lokaci guda suke faɗa wa transfoma da caji.

Wani zai ce, malam, mu da ke neman wutar ma ido rufe, wa ke ta tsaftarta? Na ji wannan kuma da gaskiyarsa. Masana'antun Kano da Kaduna da yawa tsadar wuta da dizal ce ta durƙusar da su, waɗanda suka rage ma numfashi suke da ƙyar, ƙara musu wani caji ba abin wasa ba ne. Amma a tuna kuɗin nan ana biyansa yanzu haka, ba sabo ba ne, kawai dai waɗanda ba su jawo shi ba ne ke biya, ciki har da ƙananan masana'antu da ke layi ɗaya da manya, masu ɗinki da masu gyaran shinkafa da motocinsu ke ƙonewa. Kuma matatar nan shi kansa mai kamfanin tana masa rana, transfomarsa ta huce, kafasito su daina fashewa, janaretansa ma ya samu sauƙi don shi ya fi layin gwamnati jin jiki da hamonik.

Abin da nake tsoro na gaske shi ne inda kuɗin tarar zai shiga. Idan aljihun kamfanin rarraba wuta zai tafi kai tsaye, to an ba shi dalilin so dattin ya ci gaba. Kamata ya yi a ware shi, a ce kuɗin da aka karɓa a kan fida kaza, wato babban layin da ke ɗauko wuta daga tasha zuwa yanki, a kan fidar zai ƙare, a sa matata a tashar, a canja nutural, a sayi transfomar da aka ƙera don jure irin wannan kaya. Kuma abin ya zama kaifi biyu, ranar da aka auna aka ga boltejin da kamfani ya kawo ne ya wuce iyaka alhali kowa na cikin kasonsa, shi ma ya rage wa mutane kuɗi, kamar yadda aka ce fidar Band A da ba ta samu awanninta ba a biya diyya ko a sauke ta.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar, Enugu da Ondo da Ekiti na cikin waɗanda suka fara karɓa, don haka jihar da ke da masana'antu ba sai ta jira Abuja ba. Da ni za a tambaya, shekarar farko kar a ci kowa ko kwabo. A sa na'urorin awo a fidojin masana'antu da ƙofar manyan masu shan wuta, waɗanda dama suna da mita ta musamman, a bar su su yi ta ɗauka aƙalla mako guda a jere kowane zagaye, ba a zo da rana tsaka a ɗauki na minti goma a tafi ba, don na'urar sarrafa gudu idan ba ta da kaya sosai kason dattinta a lissafi sama yake yi alhali ainihin abin da take zubawa kaɗan ne, da wannan kaɗai za a iya cin mutum tarar banza. A ba kowa sakamakonsa a hannu, na fida kuma a manna kowa ya gani. Mai riƙe na'urar kuma kar ya zama wanda zai karɓi tarar, a ba hukumar NEMSA tunda dama aikin duba kayan wuta da gwajin mita nata ne, ko a haɗa da sassan injiniyan lantarki na BUK da ABU Zariya, ɗalibai su samu aikin yi na gaske, mai masana'anta kuma in bai yarda ba ya kawo nasa injiniyan a sake awon a gabansa.